Laburare, i-laburare ko wayar hannu: ina ɗalibin kimiyya zai nemi kayan furojet?

Satin da ya wuce ɗiyar yayata ta zo gida da yamma, ko gyale ba ta cire ba ta ce Kawu an ba mu tofik, Baba kuma ya turo mani kuɗin furojet amma wallahi ban san ta ina zan kama ba, ƙawayena wasu sun ce in zuba data kawai komai na cikin waya, wasu sun ce akwai wani mai kafe da ke haɗa cafta wan har zuwa faif ka biya ka amsa, shi kuma sufabaiza ɗina ya ce kar in sake zuwa ofis ɗin shi sai na shiga laburare. Aji huɗu take a sashen nazarin ƙananan halittu, maikuro kamar yadda suke cewa, aikin nata akan ganyen sabara ne, ana so ta gwada ko abin da aka tatso daga ganyen yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Mun zauna har bayan isha'i muna maganar, da ta tafi sai na ga ai ba ita kaɗai ba ce, duk shekara yaran Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Dutsin-Ma da Al-Qalam da Hassan Usman Poli da FCE wannan tambayar suke yi, ga kuma na Daura da ke Poli ta tarayya da kwalejin Yusufu Bala Usman. To bari in faɗi abin da na sani, don duk hanyoyin nan na bi su, wata na ji daɗinta wata na sha wuya.

Zan fara da laburaren gini don ita aka fi rainawa. Abin da ake cewa akanta rabi gaskiya ne, littattafai da yawa sun tsufa, akwai ƙura, wani lokacin ba wuta ga zafin Afrilu, kuma mujallun da ke kan kanta ka duba ka ga na ƙarshe ya shekara goma da zuwa. Ban musa ba. Amma akwai abin da ke cikin ginin nan wanda ko data ta wata shida ka zuba ba za ka same shi a waya ba, na farko kuma mafi girma shi ne tsofaffin furojet.

Kowace makaranta tana da ɗaki ko lungu da ake jibge aikin waɗanda suka gama, masu baƙin bango da kore da shuɗi, wasu a babbar laburare wasu a sashe. Ba a ba da aronsu, zama za ka yi ka karanta. Nan ne za ka tarar wani ya taɓa auna ruwan rijiyoyin Kofar Sauri, wata ta ɗebo ruwan dam ɗin Ajiwa ta duba, wani ya bi masu fura da nono na kasuwa, wani ya haƙo ƙasar gonakin gefen Zobe. Bature bai yi wannan aikin ba, kuma mafi yawansu ba a taɓa buga su a ko'ina ba, kwafi uku ko huɗu ne a duniya kuma ɗaya na gabanka. Sannan akwai wani amfani da yara ba su lura da shi, furojet ɗin bara na sashenku shi ke gaya maka abin da lab ɗinku ke iya yi da gaske. Za ka karanta takarda daga Jamus sun yi aiki da na'urar da ko a Zariya sai ka bi layi ka biya, ka rubuta ta a cafta tiri, ranar aiki teknolojis ya kalle ka ya ce ba mu da ita. Amma wanda ya yi a benci ɗaya da wanda za ka zauna, da otokilef ɗin nan dai da za ka yi amfani da shi, wato tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki da tururi, hanyar shi za ta yiwu. Ka kuma juya bayan furojet ɗin ka duba jerin manazarta, taswira ce kyauta.

Sai dai a yi hattara, don cutar da ke cikin tsofaffin furojet tana da yawa, kuskure ake gada kamar gona. Na taɓa ɗauko guda biyar akan abu ɗaya, jimlar farko ta cafta tu iri ɗaya ce a huɗu, har sunan marubucin da aka rubuta ba daidai ba duk sun kwafe shi haka. Don haka ka ɗauki hanya da sunayen takardu daga ciki, amma kar ka ambaci takardar da idonka bai gani ba.

Abu na biyu littattafan hanyar aiki. Nan ne tsufan littafi bai cika zama aibi ba. Rinin Gram da ake bambance baktiriya da shi tun 1884 aka fito da shi, hanyar Kjeldahl ta auna naitirojin a abinci tun 1883, na'urar Soxhlet da ake tatsar mai da ita tun 1879, gwajin faifan magani na Kirby da Bauer 1966, duk har gobe da su ake aiki. Littafin Monica Cheesbrough na aikin lab a ƙasashe masu zafi, wanda kusan duk ɗan maikuro ke ambata, gara ka riƙe shi a hannu ka karanta shafin da kanka ka ga awon da aka ce da minti nawa za a bari, akan ka kwafo daga wanda ya kwafo daga wanda ya kwafo. Inda tsohon littafi zai yaudare ka shi ne alƙaluman da ake sabuntawa, misali faɗin da'irar da ke fitowa kewaye da faifan magani, wadda da ita za a ce ƙwayar cuta ta ji magani ko ta bijire, hukumar CLSI ta Amurka na sake fitar da jadawalin kusan duk shekara, wannan kam sai ka nemi sabo. Haka mai aikin ruwan sha, hanyar awo tana tsohon littafi, amma ma'aunin da zai kwatanta da shi ya nemi na Hukumar Lafiya ta Duniya na yanzu da na Najeriya wanda aka fitar a 2007 aka sake dubawa a 2015.

Yadda ake gano littafi a kanta ma wani abu ne da ba a koya wa yara sosai, ana yi a aji ɗaya cikin darasin GST a haddace a ci jarabawa a manta. Ni kaina ranar da na fara nema da gaske na fi awa ina zagaye, sai wani dattijo ma'aikacin wurin da ke zaune gefen taga yana gyaran bangon wani littafi da gam ya ɗago ya ce ɗana me kake nema tun ɗazu, na ce Baba littafin ƙananan halittu nake so, bai ce komai ba ya yago gefen takarda ya rubuta QR ya miƙo mani ya nuna layi na uku da biro. Shi ke nan. Yawancin jami'o'inmu da tsarin laburaren majalisar Amurka suke jera littafi, Q kimiyya ce gaba ɗaya, QA lissafi da kwamfuta, QC fiziks, QD kemistiri, QE ilimin duwatsu da ƙasa, QH bayoloji, QK tsirrai, QL dabbobi, QR ƙananan halittu, R likitanci, S noma, T fasaha. In kuma laburaren gwamnati ce ta jama'a ko wata kwalejin da ke bin tsarin Dewey to lamba ce, 510 lissafi, 530 fiziks, 540 kemistiri, 570 bayoloji, 580 tsirrai, 610 lafiya, 630 noma. Ka rubuta naka a bayan littafinka. Daɗin kanta shi ne in ka je ɗaukar ɗaya sai ka ga maƙwabtan shi guda shida da ba ka san da su ba.

Dattijon nan kuma shi ne abu na uku. Ma'aikacin laburare ba mai gadin jaka ba ne, da yawansu digiri gare su akan wannan aikin, wasu har na biyu da na uku, kuma zaune suke ba mai tambayar su. Ka gaishe shi da kyau, ka ce Malam ko Hajiya ga tofik ɗina, ka nuna a rubuce. Su suka san ina aka kai furojet ɗin 2015, su ke riƙe da kalmar sirrin rumbunan da makaranta ta biya, su ke rubuta maka takardar gabatarwa in za ka wata laburaren.

To yanzu waya. Gaskiya in aka ce sabon bincike ake nema, abin da aka buga bara ko bana, laburaren gini ba ta kama ƙafar waya, kuma sufabaiza da yawa yanzu cewa suke kar a kawo masu takardun da suka wuce shekara biyar ko goma sai da dalili. Amma waya iri biyu ce, akwai mai buɗe Google ya rubuta tofik ɗin shi gaba ɗaya kamar yana aika saƙo, abin da zai fito mashi shafukan masu sayar da furojet ne, akwai kuma wanda ya san ƙofofin.

Ƙofar farko Google Scholar, tun 2004 yake kuma kyauta ne, takardun masana kawai yake kawowa. Kar ka zuba mashi jimla, kalma uku ko huɗu masu nauyi sun isa. Kuma ga inda ɗiyar yayata ta fara tuntuɓe, ta rubuta sabara ta ga ba abin kirki ta ce Kawu ba wanda ya taɓa aiki akai. Na ce rubuta Guiera senegalensis, sai ga takardu shafi bayan shafi daga Sudan da Senigal da Burkina Faso da Mali da nan gida. Intanet ba ta san sabara ba, ba ta san aduwa ba sai ka ce Balanites aegyptiaca, ba ta san bedi ba sai ka ce Azadirachta indica, mu kanmu ai bedin nan wani na ce mashi darbejiya wani maina wani dogon yaro. Ƙudujin da ke cinye mana gero da dawa Striga hermonthica ne. Kuma sunan kimiyyar ma yana canzawa, bagaruwa a tsofaffin takardu Acacia nilotica ce a sababbi Vachellia nilotica, gawo da Acacia albida ne yanzu Faidherbia albida, in ka nema da suna ɗaya rabin aikin ya ɓace maka. Wa zai haɗa maka sunan Hausa da na kimiyya? Mun koma ginin da aka raina kenan, wani likita ɗan Sikotlan mai suna Dalziel da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, ya kuma fitar da babban littafin tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, har yau ana komawa gare su. Duk da haka ganyen sai an kai shi ma'ajiyar tsirrai ta sashen bayoloji masani ya tabbatar ya ba ka lamba, wasu har Zariya suke kaiwa, don itatuwa biyu na iya amsa suna ɗaya a garuruwa biyu.

A Google Scholar ɗin abu uku za ka riƙe. Ƙarƙashin kowace takarda akwai inda aka rubuta Cited by, in ka danna zai kawo duk waɗanda suka ambace ta daga baya, wato takarda ɗaya mai kyau ta 2010 za ta ja ka har zuwa bana. Akwai All versions, nan ake samun kwafin kyauta na takardar da aka kulle a wani wurin. Akwai kuma wurin zaɓen shekara. Wanda ya iya waɗannan ukun ya wuce rabin ajinsu.

Mai aikin lafiya ko maikuro ko bayokemistiri ya saba da PubMed, na laburaren likitanci ta ƙasar Amurka ne, kyauta, kuma akwai inda za ka danna ya bar maka waɗanda ake karantawa gaba ɗaya ba biya. Mai fiziks da lissafi da kwamfuta yana da arXiv tun 1991, sai dai ya sani da yawa daga abin da ke ciki ba a gama tantance su ba, marubutan ne suka ɗora da kansu. DOAJ kuma rumbun mujallun kyauta ne da aka tace, daga jami'ar Lund ta Suwidin ya faro a 2003. Amma wanda na fi so yaranmu su sani shi ne AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, don a nan za ka samu irin mujallar kimiyya ta Bayero da ta Usmanu Danfodiyo, aikin da aka yi da irin ƙasarmu da irin ruwanmu da irin zafinmu. Jami'ar Dutsin-Ma tana da mujallarta ta kimiyya a intanet, ta Umaru Musa ma tana da ta maikuro, malamanku ne ke rubutu a ciki, kuma ba ƙaramin abu ba ne ka shiga difens, wato ranar kare furojet gaban malamai, ka san abin da mutanen da ke zaune gabanka suka rubuta akan fannin.

Matsalar waya ba data da caji kaɗai ba ce. Ta farko bango, ka samu takardar da kamar don kai aka rubuta ta, ka karanta taƙaitawar, ka danna sai a ce kawo dala 30 ko fiye. Kar ka biya, kuma kar ka yi abin da yawanci ke yi wato su ambaci takarda daga taƙaitawa kawai, don awon da aka yi da yawan samfur da inda aikin ya gaza duk suna ciki ne. Ka gwada All versions, ka gwada ResearchGate, shafin da masu bincike ke ɗora takardunsu, in ba a dace ba ka aika wa marubucin imel, adireshin shi na shafin farko, layi uku cikin ladabi, ni ɗalibi ne a Katsina ina aiki akan kaza ina roƙon kwafi. Na yi haka ba sau ɗaya ba, wasu shiru, amma wata farfesa ta turo mani wadda na roƙa ta haɗo da wasu biyu. Ta biyu mujallun bogi, masu amsar kuɗi su buga komai cikin sati ɗaya ba wanda ya duba, sunansu ya fi na kowa girma, ko'ina intanashinal. In ka ga Turancin takarda a hargitse, tebur bai yi daidai da bayani ba, an karɓa yau an buga jibi, mujalla ɗaya na buga noma da shari'a da tiyata, ka aje ta. Ta uku kuma kowa ya santa, ka buɗe PDF a ƙaramin sikirin kana ja da yatsa biyu, saƙon WhatsApp ya shigo, ka leƙa TikTok minti biyu, sai kiran magariba. Ba na jin akwai wanda ya taɓa karanta takarda mai shafi 15 da teburanta a natse a waya cikin hostel. Waya ta nema ce, karatu kam sai a takarda ko kwamfuta.

I-laburare ita ce tsakiya, kuma ita ce aka fi yin asararta. Ɗaki ne mai kwamfutoci a cikin laburare, amma ba kwamfutocin ne abin ba, rajistar da makaranta ta yi da manyan rumbuna ita ce dukiyar, takardar da aka ce ka biya dala a waya nan sai ta buɗe. Akwai wani shiri da ake kira Research4Life da aka yi don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, a ciki akwai Hinari na lafiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA na noma daga hukumar abinci ta FAO a 2003, OARE na muhalli a 2006, da ARDI na fasaha da ƙirƙira a 2009. Ba mutum ɗaya ke rajista ba, makaranta ke yi, sai ta ba ɗalibai da malamai hanyar shiga. Wasu makarantun kuma suna biyan irin su ScienceDirect ko EBSCOhost ko JSTOR. Abin da kowace makaranta ke da shi ya bambanta, kuma na bana ba lallai ya zama na baɗi ba don rajista na ƙarewa, shi ya sa tambaya ɗaya ce za ka yi a teburin, Malam waɗanne rumbuna ne ke aiki yanzu kuma ana iya shiga daga waje ko sai a cikin makaranta. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaro ya yi shekara huɗu yana biyan kuɗin laburare cikin kuɗin rajista, bai taɓa yin wannan tambayar ba, ɗakin kuma in ka leƙa rabi masu cajin waya ne.

Nata aibin a fili yake, wuta, netwok mai tafiyar hawainiya, layi lokacin da kowa ya tashi furojet, ga lokacin tashi da ba ya jiran kowa. Don haka kar ka shiga can ka fara tunanin me zan nema. Ka yi nemanka a waya da dare, ka rubuta sunayen takardun da suka ƙi buɗewa da lambarsu ta DOI, wadda ke farawa da 10 da ɗigo, ka zo da safe da jerinka ka sauke su ɗaya bayan ɗaya ka tura wa kanka a imel. Filas kam a yi hankali, na ga wadda bairos ya cinye mata cafta uku sati biyu kafin difens tana kuka a bakin sashe.

Maganar mai kafe ba zan ja ta ba. Wani ɗan ajinmu ya sayi furojet akan ruwan burtsatse, an canza sunan gari an sa Katsina a ko'ina, amma a bayanin wurin bincike an bar cewa ana ruwan sama wata tara kuma mutanen wurin noman kwakwar manja suke. Malamin da ya zo daga waje ya karanta wurin a fili ya rufe ya ce ɗana a wace unguwa ce wannan. Shekara guda ya ƙara, mahaifin shi ya riga ya gaya wa dangi ya gama. Yanzu kuma ga manhajojin kama kwafe irin su Turnitin. Ko ba a kama ka ba, ka fita da takardar da ke cewa ka iya abin da ba ka iya ba, kuma wataƙila lab ɗin asibiti za ka nemi aiki, jinin mutane za a miƙo maka.

ChatGPT da 'yan uwan shi, tunda suka fito ƙarshen 2022 ba ɗalibin da bai taɓa su ba, ni ma ina amfani da su. Suna da kyau in wani sakin layi ya shige maka duhu ka ce a warware maka, ko ka nemi wasu kalmomin da za ka yi nema da su. Amma kar ka ce su ba ka manazarta ka kwafe, suna iya ƙirƙiro takarda da sunan marubuci da shekara da shafi, komai tsaf, alhali babu ita a duniya. Duk wadda suka ba ka ka sa sunanta a Google Scholar, in ba ta fito ba ka watsar.

To wanne za a zaɓa in kuɗi da lokaci sun yi kaɗan? Ni a ganina ya danganta da irin tambayar da ke hannunka. In aikinka na ƙasarmu ne, tsirranmu, ruwanmu, abincin kasuwarmu, cutar dabbobinmu, sati na farko gaba ɗaya na laburaren gini ne da AJOL, kar ka kashe ko kwabo. In fanninka mai gudu ne, kwamfuta, bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, sola, kwayoyin gado, to kanta ba za ta yi maka komai ba bayan ma'anar kalmomi, ƙarfinka ya tafi waya da i-laburare. Mai lissafi zalla shi ne ya fi kowa cin moriyar tsohon littafi. Mai digiri na biyu kuwa ba shi da zaɓi, duka zai haɗa, kuma ya kamata ko sau ɗaya ya amshi takardar gabatarwa ya je laburaren Kashim Ibrahim ta ABU, in noma yake ya leƙa ta cibiyar IAR a Samaru inda aikin dawa da wake da gyaɗa da auduga yake, mai dabbobi ya leƙa cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika. Wanda ke Daura kuma, inda makarantun wasu sababbi ne ba su tara tsofaffin furojet da yawa ba, kar ya tsaya jira, ya yi jerin shi a waya, ya amshi takarda daga laburarensu, ya shigo motar safe zuwa Katsina ya yi yini guda cur, kwana biyu irin wannan sun fi wata guda na lalube.

Akwai kuma abin da ba ya laburare ba ya intanet, adadin ruwan saman da aka yi a Katsina shekara da shekaru yana wurin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, bayanan noma na jiha suna KTARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Katsina, na asibiti sai da izinin kwamitin ɗa'a. Waɗannan wasiƙa ce daga shugaban sashe da ƙafa da haƙuri, kuma a fara da wuri don ba a rana ɗaya ake sa hannu ba.

Kuɗin kuma ga yadda na ce ma ɗiyar yayata ta raba, kaso mafi tsoka ta ɓoye shi don lab, don agar ɗin da ake renon ƙwayoyin cuta a kai da faranti da sinadarai su ke cin kuɗi ba karatu ba, data ta sayi daidai ta dare, sai ta buga takardu takwas ko goma da suka fi kusa da aikinta a takarda ta bi su da biro, ba hamsin ba. Sannan ta sayi littafi mai falle 60, duk abin da ta karanta ta rubuta marubuci da shekara da sunan mujalla da shafi nan take da abin da ta ɗauka a ciki da kalmominta. Mai laftof ya sauke Zotero, kyauta ne, shi zai jera mashi manazarta a tsarin APA ko wanda sashe ke so. Wanda bai yi ɗayan biyun nan ba zai zo daren ƙarshe yana neman ina ya samo wata jimla, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Shekaranjiya ta kira ni, ta ce Kawu na shiga, Hajiyar da ke teburin ta kai ni ɗakin furojet da kanta, na samu guda biyu akan sabara, ɗaya da ruwa ya tatsa ɗaya da itanol kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba, na nuna ma sufabaiza ya ce to ki yi duka biyun ki kwatanta, ki kuma nemo mani takardu biyar na bayan 2018 da suka yi haka. Ta samo uku a waya, biyu sun kulle ta rubuta lambarsu za ta i-laburare ranar Litinin. Ganyen ne ya rage, ta ce na masu magani na kasuwa an riga an daka ba za a iya tantance shi ba, don haka ranar Asabar da sassafe zan ɗauke ta a mota mu fita hanyar Mani mu yanko ɗanye da reshen shi, ta shanya a inuwa.